TSIBIRIN DA AKA BAR WA KUNKURU

Duk wanda ya zauna a Ikko, ko Warri, ko Fatakwal, ya san yadda bakin teku ya ke da tsada. Kowa so ya ke ya sami rabonsa a wurin. Inda babu ƙasa ma sai a zuba yashi a cike ruwa, a kafa benaye. To, amma a nan Afirka ta Yamma akwai wani tsibiri mai farin yashi da manyan itatuwa wanda masu shi suka hana kowa ya kafa ko da bukka a kansa, tun kaka da kakanni, suka bar wa kunkuru. Yau babu inda kunkurun teku irin wanda a ke kira kore ya ke taruwa ya yi ƙwai a duk faɗin Afirka kamar wannan ɗan tsibiri. Sunansa Poilao, a ƙasar Gini Bisau ya ke. Ma'anar sunan kuwa a bakin mutanen ƙasar ita ce itacen rimi, saboda haka in da a Hausa ne sai a ce Tsibirin Rimi.

INA NE WURIN?

Idan jirgin ruwa ya tashi daga Ikko ya nufi yamma, sai ya wuce Kwatano da Lome da Ankara da Abijan, ya wuce Laberiya da Saliyo da Gini ta Konakiri, sa'an nan ya iso Gini Bisau, wadda ta yi iyaka da Senigal daga arewa. Ƙaramar ƙasa ce wadda Turawan Fotugal suka mulka. Ta yi shelar 'yancin kanta a 1973 bayan doguwar gwagwarmaya, Fotugal kuma ta amince a 1974.

Daura da bakin kogin Geba, wanda babban birnin ƙasar ya ke a gefensa, akwai tarin tsibirai 88, manya da ƙanana, waɗanda a ke kira Bijagos. Ashirin da 'yan kai ne kaɗai a cikinsu mutane ke zaune rani da damina, kuma jimlar mutanen duka dubu talatin ne da ɗoriya. Babban garinsu shi ne Bubake, tafiyar awa huɗu ko biyar a jirgin ruwa daga Bisau. Daga Bubake kuma sai an sake shiga kwale-kwale mai inji an yi tafiyar awoyi kudu kafin a kai Tsibirin Rimi, wanda shi ne na can ƙurya. Bayansa babu sauran ƙasa, sai buɗaɗɗen teku.

Abin da ya sa wurin ya ke da albarka shi ne laka. Kogunan ƙasar suna kwaso ƙasa mai taki suna zubarwa a tsakanin tsibiran. Teku kuma ya kan cika ya janye sau biyu kowace rana, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa ya kan kai mita huɗu a waɗansu wurare. In ya janye sai ka ga fili fetal na taɓo da yashi iyakar ganinka, cike da kaguwa da tsutsa da katantanwar teku. A gefen tsibiran kuwa akwai kurmin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafu, irin waɗanda matafiyi ke gani a rafukan Badagiri da Warri. A tsakanin saiwoyin nan ne 'ya'yan kifi ke ɓuya har su yi ƙarfi.

MASU TSIBIRAN

Mutanen wurin su ma Bijago a ke kiransu. A zamanin da mayaƙan ruwa ne waɗanda a ke shakka, suna da manyan jiragen itace masu ɗaukar mutane da yawa, suna kai hari garuruwan gaɓa. Turawan Ingila sun gwada kafa gari a tsibirin Bolama a 1792, abin bai yi musu kyau ba, cuta da hari suka kore su. Daga baya Ingila da Fotugal suka yi jayayya a kan tsibirin, har sai da Shugaban Amurka Ulysses Grant ya raba gardama a 1870, ya ba Fotugal gaskiya. Bolama ce ta zama hedkwatar mulkin Fotugal a ƙasar har zuwa 1941. Duk da haka sauran tsibiran ba su miƙa wuya da sauri ba. Mutanen tsibirin Kanyabak ba a ci ƙarfinsu ba sai a 1936. A tsibirin Orango kuwa wata sarauniya mai suna Okinka Pampa, wadda ta rasu a 1930, ita ce ta kare jama'arta, ta yi sulhu da Turawa, kuma har gobe a na girmama kabarinta a garin Etikoga.

Sana'arsu noman shinkafa ce, da tatsar manja, da ɗan su na cefanen gida. Mata su ke bin taɓo in ruwa ya janye su tsinto katantanwa. Mata suna da faɗa a ji ƙwarai a cikinsu, har a Orango al'ada ta ba mace damar ita ce za ta zaɓi mijin da ta ke so. Da yawansu addinin gargajiya su ke bi, kuma a nan ne labarin kunkuru ya samo tushe.

A wurin Bijago, tsibirin da babu kowa a kansa ba ya zama marar mai shi. Kowane tsibiri na wani ƙauye ne, kuma dattawan ƙauyen da matan da ke riƙe da ɗakunan tsafi su ke da ikon cewa ga lokacin da za a je, ga abin da za a yi. Akwai tsibiran da a ke zuwa noma shekara guda, sa'an nan a bar su su huta shekaru. Akwai kuma waɗanda aka keɓe ɗungum saboda bikin shiga sahun manya, wanda a ke kira fanado. A irin waɗannan ba a kafa gida, ba a binne gawa, ba a zubar da jini, kuma ba kowa ke da izinin sa ƙafa ba. Tsibirin Rimi yana cikin irinsu, kuma mutanen Kanyabak ne masu shi.

Mai karatun da ya san Argungu ba zai yi mamaki ba. A can ma an san ba a jefa homa a Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwa, shi ya sa ranar su a ke fito da giwan ruwa wanda sai an taru a ɗaga. Bambancin kawai shi ne, a Tsibirin Rimi babu ranar buɗe ruwa.

DAREN ƘWAI

Tsibirin bai wuce hekta 43 ba, watau eka ɗari da 'yan kai, yashin da kunkuru ke iya haƙawa kuwa tsawonsa kamar kilomita biyu ne. Kada mai karatu ya ɗauka kunkurun daji ne irin na tatsuniya. Wannan ya fi kama da kififiya, ƙafafunsa kamar filafilai su ke, kuma babbar mace ta kan fi buhun hatsi nauyi nesa ba kusa ba, domin ta kan haura kilo 100. An sa masa suna kore ne saboda launin kitsensa, wanda ya samu daga cin ciyawar ƙarƙashin teku. Namiji in ya shiga ruwa tun yana ƙarami, galibi shi da tudu har abada. Mace ce kaɗai ke fitowa, ita ma sai za ta yi ƙwai.

Da damina su ke zuwa, abin ya fi tsanani a watannin Agusta da Satumba. Da dare, in ruwa ya cika, sai mace ta jawo jiki da ƙyar ta hau yashi, ta share wuri da hannuwanta na gaba, sa'an nan ta haƙa rami mai kama da tulu da ƙafafun baya. Ta kan zuba ƙwai fiye da 100, farare masu taushin ɓawo, ta mayar da yashi ta rufe, ta koma ruwa. Bayan kamar mako biyu ta sake dawowa ta yi wani, haka har sau uku ko fiye a damina guda. Daga nan sai ta huta shekara biyu ko uku ko fiye kafin a sake ganinta. A daren da abin ya yi yawa, wurin ya kan cika har wata ta tone ramin wata garin haƙa nata.

Uwa ba ta kwanci, ba ta kuma reno. Zafin yashi shi ke ƙyanƙyashe ƙwan cikin wata biyu ko ƙasa da haka kaɗan. 'Ya'yan, kowanne bai cika tafin hannu ba, su kan taru su tono kansu su fito da dare su ruga wajen hasken ruwa. A hanya kaguwa na jira, in gari ya waye hankaki da wata irin ungulu mai cin 'ya'yan kwakwar manja suna jira, a cikin ruwa kuma manyan kifaye na jira. Masana sun ƙiyasta cewa da wuya fiye da ɗaya cikin dubu ya kai girma. Wadda ta tsira sai ta yi shekara ashirin ko talatin tana yawon teku kafin ta balaga, sa'an nan ta nemo yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ta zo ta yi nata ƙwan.

Da masu bincike suka yi ƙidaya a shekarar 2000, sun ƙiyasta ramukan ƙwai kamar 7,400 a wannan ɗan yashi. A 2007 suka sami kamar 29,000. Yawan ya kan hau ya sauka daga shekara zuwa shekara, amma lissafin ya isa ya sa tsibirin a sahun gaba a duniya. An kuma liƙa wa waɗansu mata na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, aka ga da yawansu in sun gama ƙwai arewa su ke nufa, tafiyar kamar kilomita 1,000, zuwa gandun Banc d'Arguin na ƙasar Muritaniya, inda ciyawar teku ta ke da yawa. Watau makiyayarsu a wata ƙasa, ɗakin haihuwarsu a wata.

Akwai wani abu kuma da ya nuna amfanin barin itatuwan tsibirin a tsaye. Shi kunkurun teku, zafin yashi ne ke yanke ko ɗa zai fito namiji ko mace. In zafin ya haura awo 29 a ma'aunin santigired sai mata su rinjaya, in ya yi ƙasa sai maza. Yanzu da duniya ke ƙara ɗumi, an sami wani yanki a arewacin Ostareliya inda binciken da aka buga a 2018 ya nuna kusan duk ƙananan kunkuran mata ne. A Tsibirin Rimi kuwa, ramukan da a ke haƙawa a gindin kurmi suna samun inuwa, su ke ba da maza, na fili su ba da mata, sai abin ya zo kusan daidai. Da an sare kurmin an yi gona, da wannan ma an rasa.

DORINA A RUWAN GISHIRI

Arewa maso yamma da can, a tsibirin Orango, akwai wani abin mamakin. Mu dai mun san dorina a Kwara da Binuwai, dabbar ruwan daɗi. To, dorinar Orango tana shiga teku, har ta kan yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Da rana ta kan kwanta a tafkunan ruwan daɗi, wanda ya fi suna shi ne tafkin Anor, in dare ya yi ta fito kiwo, wani lokaci ta gangara cikin ruwan gishiri. Mutanen wurin sun ce matsattsaku ta ke zuwa kakkaɓewa, domin ba sa jure gishiri. Su mutanen Orango suna girmama dorina, ba sa farautarta. Amma girmamawa ba ta hana ta shiga gonar shinkafa ta cinye wahalar shekara a dare ɗaya, kuma wannan ya daɗe yana ɓata tsakanin manoma da masu kula da gandun. Maganin da aka samo shi ne kewaye gonaki da waya mai lantarki daga hasken rana, wadda ke korar dorina ba tare da ta kashe ta ba.

A rafukan da ke ratsa kurmin akwai ayu, irin dai wanda masuntanmu suka sani, wanda neman mansa da namansa ya sa ya yi wuyar gani a kogunanmu. Akwai kada, akwai dabbar nan mai wasa a gaban jirgi da a ke kira dolfin, a tsibirin Joao Vieira kuma akwai aku mai ruwan toka, wanda masu safarar tsuntsaye suka kusa ƙarar da shi a wurare da yawa. Akwai kuma wanda a ke nema ido rufe, watau kifi mai zarto a baki. Samarin Bijago su kan ɗora siffarsa a ka su yi rawa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin sefa na Nijar ko Binin ya ga tambarin da aka zana da siffar wannan kifi. Zarton nasa shi ne ajalinsa, domin da ya taɓa raga sai ya sarƙe. Yanzu ya kusa ƙarewa a duk gaɓar Afirka ta Yamma.

'YAN CI-RANI MASU FIFFIKE

In damina ta wuce, kunkuru ya tafi, sai waɗansu baƙin su sauka. Ƙananan tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu da dogon baki, ɗaruruwan dubbai, waɗanda ke yin ƙwai a can ƙarshen arewacin duniya, a Sibiriya ta Rasha da arewacin Turai. In sanyi ya rufe ƙasarsu sai su yo kudu, da yawa su ya da zango a gaɓar Holan da Jamus da Denmak su yi ƙiba, sa'an nan su miƙo. A Afirka ta Yamma, in ka cire Banc d'Arguin, babu inda su ke taruwa kamar taɓon Bijagos. Akwai wani mai lanƙwasasshen baki da ke tasowa daga tsibirin Aislan, wanda aka tabbatar ya kan yi kwana huɗu ko biyar a sama bisa teku ba sauka, tafiyar fiye da kilomita 5,000, ya zo ya yi rani yana cin kaguwa. In bazara ta yi ya koma gida ya yi iyali. Wanda ya bar gida ya zo kudu neman abinci ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan tsuntsu. Abin damuwa shi ne ƙidayar da a ke yi tana nuna yawan waɗansu irinsu yana raguwa.

DA DOKA TA ZO

Gwamnati ta tarar da wurin a tsare ne, ta ɗora doka a kan abin da ta tarar. A 1996 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsibiran cikin wuraren da a ke tattalin halittunsu tare da mutanen da ke ciki. A 2000 aka kafa gandu biyu na ƙasa: na Orango, mai faɗin murabba'in kilomita 1,582, da na Joao Vieira da Poilao, mai murabba'in kilomita 495, wanda yawancinsa ruwa ne. A 2004 aka kafa hukumar IBAP mai kula da gandayen ƙasar. A 2005 mutanen tsibiran Urok, da taimakon wata ƙungiyar ƙasar mai suna Tiniguena, suka sami nasu yankin da su da kansu ke tsara yadda za a yi su a ciki. A watan Yuli na 2025 kuma UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren gadon duniya, wanda shi ne na farko da Gini Bisau ta samu.

Abin lura shi ne ba a tashi kowa daga ƙauyensa ba. An raba ruwan kashi-kashi: inda ba a su sam, da inda 'yan ƙasa kaɗai ke yi da kayan gargajiya. Samarin ƙauyukan da ke da tsibiran suna cikin masu kwana a bakin yashi suna ƙidayar kunkuru, baƙo kuma ba ya sauka Tsibirin Rimi sai da izini. Ba wai Bijago ba sa cin kunkuru ba ne. Su kan yanka shi a waɗansu bukukuwa, kuma a tsibiran da a ke noma a kan sami masu ɗibar ƙwai. Amma cin biki daban, cin kasuwa daban.

INDA GIZO KE SAƘA

Hanin dattawa yana kama wanda ya yarda da shi ne kaɗai. Baƙin masunta daga Senigal da Gini da Saliyo, masu kwale-kwalen inji da ragar roba, su kan kafa sansani a tsibiran da babu kowa, su sare kurmin gaɓa su yi bandar kifi, su kama kifin shak su yanke fukafukansa domin kasuwar Asiya. Ragarsu ba ta tambayar ko wannan kunkuru ne ko ayu. Can cikin teku kuma ga manyan jiragen ƙasashen waje masu jan taru. Su ma baƙin masuntan abinci su ke nema, da yawansu kifin gaɓarsu ne ya ragu, shi ya sa korarsu kawai ba ta kashe maganar. Tun wajen 2005 kuma masu fataucin hodar ibilis daga Kudancin Amurka suka gane cewa tsibiran da babu 'yan sanda wurin sauke kaya ne. Ƙasar matalauciya ce, ga juyin mulki a kai a kai, masu gadin gandu kuwa ba kullum su ke da man da za su zuba wa jirgin sintiri ba.

A cikin gida ma abubuwa na sakewa. Gonakin yazawa, wadda ita ce babbar hajar da ƙasar ke fitarwa, suna cin kurmi. Samari na tafiya Bisau karatu da neman kuɗi, waɗansu sun bar addinin kakanninsu, kuma ba dole ne wanda ya dawo ya ji tsoron abin da kakansa ya ji tsoro ba. Sa'an nan ga teku da ke ƙara hawa. Tsibirin Rimi ba shi da tudu sosai, kuma ramin da ruwa ya kwanta a kansa ƙwansa ya lalace.

Duk da haka akwai labari mai daɗi. A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta cire koren kunkuru daga jerin masu fuskantar ƙarewa, bayan shekaru fiye da arba'in yana ciki, saboda yawansa a duniya ya ƙaru. Wurare irin su Tsibirin Rimi suna da hannu a wannan. Kunkurun da ke ƙwai a can yau, tun kafin a kafa gandun aka ƙyanƙyashe da yawansu, a kan yashin da babu mai gadinsa sai maganar dattawa.

Mu ma nan gaɓar tamu, daga Badagiri har Akasa, kunkurun teku na fitowa ƙwai, kuma dokar Nijeriya ta hana kama shi da cinikinsa, kamar yadda ta hana na ayu. Saboda haka in aka kawo maka shi a kasuwar kifi, ko aka yi maka tallan ƙwansa ko man ayu, ka tuna cewa wannan uwa ta yi shekara ashirin ko talatin a teku kafin ta fara haihuwa, kuma cikin 'yan'uwanta dubu wataƙila ita kaɗai ta rage. In babu mai saye, mai kamawa zai sake ta ta koma ruwa.